Yaya Tasya Ta Ce a Zauna

Ellersby, 2 ga Oktoba 1954

Zuwa ga Kawu Rodion,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Ni ce Muriel, 'yar yayarka Tasya. Ba ka taɓa ganina ba, ni ma hotonka ɗaya na sani, kana yaro kana riƙe da linzamin doki. A bayan wani tsohon katin Kirsimeti na samu adireshinka.

Mu nan lafiya, ban da Mama. A watan Yuli ta faɗi a lambu, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo, tana takawa da sanda, hannun kam bai dawo ba. Abin da ya fi damunmu bakinta ne. Turanci ya tafi, Faransanci ya tafi, Rashanci kaɗai ya rage mata, gidan nan kuwa babu mai jin ko kalma ɗaya. Ba ta koya mana ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta yi shi ba sai in allura ta soke ta.

Kullum da safe sai ta sa kwat da hula, ta rataya jaka, ta fito zaure ta yi ta kiran mutane tana faɗa har muryarta ta dushe. Ranar Talata ta jefi wata 'yar aiki da sanda. Likita ya ce ƙwaƙwalwar ta taɓu. Ya sa hannu a takarda, Baba ma ya sa. Ranar 12 ga Nuwamba za a kai ta asibitin masu taɓin hankali da ke bakin teku, sai fa in ta natsu kafin nan. Wanda ya shiga can a irin shekarunta ba ya fitowa, kowa ya sani, babu dai mai faɗa.

Kawu, ka zo ka ji abin da take cewa. Kai kaɗai ka rage mata. Na sa an gyara maka ɗakin da ke kusa da kicin. Baba bai san na rubuto ba, amma ba zai ƙi ba, kwanakin nan ba ya ƙin komai.

'Yarka,
Muriel


Ostend, 9 ga Oktoba 1954

Muriel,

Takardarki ta iso, ina amsa gaisuwa. Ni lafiyata lau, tun da na zo duniya ban taɓa kwana a asibiti ba. Matata Godelieve tana fama da gwiwa, in ban da wannan gida ƙalau. Ki yi haƙuri da Faransancina, aji uku na yi a sakandare, sauran a bakin jiragen ruwa na ƙarasa.

Na karanta labarin Yaya Tasya. Sau biyu na karanta ina jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Ni ba na yi wa magana kwalliya, yadda abu yake haka nake faɗa.

Sai na zo kan ɗakin da ke kusa da kicin. Ashe yana nan. Bari in ba ki labarin da ba a ba ki ba. Lokacin auren uwarki ina da shekara goma sha takwas, ina dakon kwandunan kifi a tashar nan. Na ari kwat na hau jirgin ruwa zuwa Ingila. Da na iso ƙofar gidanku na Ellersby sai wani bara mai farin safar hannu ya ja hanci sau biyu, ya ce, "Samari, masu kawo kaya ta baya suke bi." Na ce ni ƙanen amarya ne. Ya ce, "Madalla, ni kuma kakan ango." Ana cikin haka sai ga Yaya Tasya a saman matakala. Ta sauko ta ja ni gefe, ta ce da harshenmu, "Rodya, don Allah in an tambaye ka, ka ce karatun injiniya kake yi a Brussels." Na ce kifi nake ɗauka, kifi kuwa zan faɗa. Da aka zo cin abinci babu sunana a tebur. A ɗakin nan da kika gyara na ci, ni da direbobin baƙi. Abincin ya yi daɗi, ba zan zalunci kuku ba.

Shekara ashirin da tara ke nan. Yau ina da motocin kifi goma sha ɗaya, da gidan ƙanƙara, da mutum arba'in da ke kirana maigida. Babu wanda ya ba ni ko igiya. Mu ma jinin sarauta ne, kakanmu ƙauyuka shida gare shi a Oryol, can ƙasarmu ta haihuwa, amma ban taɓa sa wannan a tukunya ya dahu ba.

Yanzu lokacin kamun kifi ne, jirage na shigowa a jere, ba zan bar wurin nan ba. Ku nemi mai jin Rashanci. Ingila cike take da su.

Ki gai da babanki, in ya san da ni.

Rodion Kashintsev


Ellersby, 29 ga Oktoba 1954

Kawu,

Ina gaisuwa. Allah ya ba gwaggo Godelieve sauƙin gwiwa. Ni da Baba lafiya, Mama tana yadda take, sai dai ta rame.

Na rubuto maka ranar 13, shiru. Zan maimaita a gajarce. Tun da Mama ta faɗi aka sauko da gadonta ƙasa. Ɗakin nan na kusa da kicin yana jikin nata, shi ne kuma mafi ɗumi a duk gidan. Ni nake kwana a cikinsa yanzu. Abin da aka yi maka ranar aure ban sani ba, kuma ba ni da abin cewa a kai.

Mun bi shawararka. Baba ya kawo wani malami daga Newcastle, ɗan ƙasar nan ne, a soja ya koyi Rashanci. Ya tsaya a zaure ya kasa kunne, ya ce, "Cewa take a zauna." Baba ya ce, "A zauna a yi me?" Ya ce, "Ba ta faɗa ba, ranka ya daɗe. A zauna dai."

To, muka zauna, ni da Baba da malamin. Baba ya fara ba ta labarin karnukansa don hankalinta ya kwanta. Ta buga sanda a ƙasa. Ta nuna Milburn, sarkin gidanmu, yana tsaye bakin ƙofa da faranti, ta nuna kujera. Ta nuna 'yan aiki, ta nuna matakala. Milburn ya matso mata da kujerar, shi a zatonsa abin da take so ke nan. Ta fashe da kuka.

Baba ya ce mini, "Kin gani ko? So take Milburn ya zauna a gabanta. Matar da ta taɓa sallamar yarinya don ta jingina da bango." Malamin ya sha shayi ya tafi. Likita ya ce wannan ya ƙara tabbatar masa.

Saura kwana goma sha huɗu. Ban san dalilin da ya sa nake ƙara rubuto maka ba. Ban da kai ba ni da wanda zan rubuta wa.

Muriel


Ostend, 3 ga Nuwamba 1954

Muriel,

Ina amsawa, muna lafiya. Gwiwa ta ɗan sassauta, an ba ta wani man shafawa mai warin kwalta.

Takardarki ta 13 tana cikin aljihun tebur, sai yau na buɗe ta. To, na ji batun ɗaki. A bar shi haka.

Malaminku kalmomi ya ji, bai ji magana ba. Uwarki ba ta haukace ba, tafiya take shirin yi. A wurinmu ba a fita tafiya sai an zauna. In an gama ɗaure kaya, an sa kwat da hula, sai a rufe ƙofa, duk wanda ke cikin gidan ya nemi wuri ya zauna, maigida da bara da mai wanke tukwane, ko a kan akwati ne, ko a ƙasa. Babu mai cewa uffan. Minti ɗaya, ko biyu. Sannan a tashi a ce Allah ya kiyaye hanya. In mutum ɗaya yana tsaye, ba a zauna ba. In ana labarin karnuka, ba a zauna ba.

Zan gaya miki abin da ya sa ya tsaya mata a rai. Ranar da muka bar gidanmu na Oryol ina da shekara goma sha ɗaya, ita sha tara. Da safe ne. Mai kula da dawakai ya shigo da gudu ya ce sojojin juyin juya hali sun tsallako gada. Innarmu ta ce a zauna. Babanmu har ya jawo kujera. Sai Yaya Tasya ta yi ihu, "A zauna? Inna, kanki ɗaya kuwa? Ku tashi mu tafi!" Ta fizge ni ta cilla cikin keken doki, takalmina ɗaya a ƙafa. Babanmu ya ce mu yi gaba, zai sallami ma'aikata ya same mu a tashar jirgin ƙasa. Kwana biyu muka yi a tashar. Bai zo ba. Har yau ba mu san inda aka sa shi ba.

Bayan wata da watanni, muna cikin jirgin ruwa, Inna tana ɓare mana dankali, sai ta ce, "Ba mu zauna ba." Ba ta dubi kowa ba. Sau ɗaya ta faɗa a duk rayuwarta. Yaya Tasya tana gefenta. Ni na ci dankalina.

Don haka ga abin da za ku yi, kada ku ƙara, kada ku rage. Da safe in ta fito da jakarta, ki tara kowa, har mai lambu. Ki rufe ƙofa. Babanki ya rufe bakinsa. Kowa ya zauna. Milburn ɗin nan naku, in shi ne mai farin safar hannu, to shi zai fara zama, ki gaya masa ƙanen amarya ne ya ce. Ku jira har ita ta tashi da kanta.

Ku yi wannan za ta natsu, na ba ki tabbaci. Ki ce wa likita wani mai sayar da kifi a Ostend ya ce ya yage takardarsa. Mutum ya yi shekara bakwai a jami'a, abin da 'yar ƙauye ta sani ya gagare shi.

Ba sai na zo ba. Abin da zan yi a can na yi shi a takardar nan.

Kawunki,
Rodion


Ellersby, 11 ga Nuwamba 1954

Kawu,

Ina gaisuwa. Ni lafiya. Baba ya kama mura, yana kwance.

Takardarka ta iso ranar Litinin. Na karanta wa Baba, na tsallake wasu wurare. Ya ce, "Shekara ashirin da tara, ba ta taɓa gaya mini sunan garin ba." Ya ce a gwada.

Milburn ne ya ƙi. Shi ne mutumin da kake nufi, na tambaye shi, ya ce bai tuna ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, shekara arba'in da ɗaya ban taɓa zama a gaban uwargidan Ellersby ba, ta da ko ta yanzu. In laifi na yi, a sallame ni kawai." Kuku ta ce masa, "Kai tsoho, kujera ce fa, ba murhu ba." Ya ce, "Ke ki tsaya a kan miyarki." Ta ce, "Ai tsayuwar ce aka hana." Kwana uku ana wannan. A ƙarshe Baba ya kira shi ya ce, "Milburn, umarni ne." Ya ce, "To, ranka ya daɗe, amma a gefen kujera."

Yau da safe muka yi. Mama ta fito da kwat da hula da jaka. Na rufe ƙofa. Baba ya zauna, na zauna, kuku da 'yan aiki biyu a kan matakala, mai lambu a kan akwatin itace da hularsa a gwiwa, Milburn a gefen kujera, bayansa a miƙe. Mama ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, kamar tana ƙirga. Sai ta zauna. Babu abin da ake ji sai agogo. Ban san tsawon lokacin ba.

Ta tashi. Ta yi alamar gicciye da hannun hagu, ta faɗi wani abu a hankali, ta sumbaci goshin Baba. Fuskarta ta koma irin ta da. Na ce a raina shi ke nan, Kawu ya yi gaskiya.

Sai ta buɗe ƙofa ta fita. Ta sauka matakalar waje ta tsaya a kan tsakuwa tana duban hanya. Ana yayyafi. Na ce Mama mu koma ciki, na kama hannunta, ta make ni. Baba ya lallaɓa, ta ƙi. Ba faɗa take ba, jira take. Muka kai awa ɗaya a cikin ruwa. Baba ya ce a fito da mota a ɗan zaga da ita. Ta shiga da kanta. Muka zaga ƙauye, muka bi ta gaban coci, muka dawo. Da direba ya buɗe mata ƙofa ta ga gidan, sai ta riƙe kujera ta kama ihu, irin wanda ban taɓa ji ba. Muka sake zagawa, muka sake dawowa, haka. Baba yana rawar sanyi. Ya dubi direba ya ce, "To, mu je can ɗin."

Da azahar muka isa asibitin, kwana ɗaya kafin ranar da aka sa. Ta sauka da ƙafarta, ta gai da nas da kai, ta bi ta ciki. Ba ta waiwayo ba.

Na dawo na tarar an shirya tebur na mutum uku. Na ci abinci. Ban yi kuka ba, ina jira ya zo.

Kawu, mun yi yadda ka ce, ba mu ƙara ba, ba mu rage ba. Ina muka kuskure?

Muriel


Ostend, 28 ga Nuwamba 1954

Muriel,

Ina gaishe ki. Ina fata murar babanki ta sake shi. Mu nan lafiya.

Ba ku kuskure ba. Rabin abin na rubuto muku. Wanda ya zauna ya fita, ba ya komawa gidan da ya baro, in ya koma tafiyar ta lalace. Kowane yaro a Oryol ya san wannan. Ni ma na sani. Lokacin da nake rubutun hankalina yana kan Milburn, ina hango shi a kujera, har ina dariya ni kaɗai. Da ina cikin zauren nan, da na ga ta nufi ƙofa na tuna, da na tare ta da wata dabara. Ban zo ba. Ba ni da wani bayani.

Ranar Talata na je asibitin. Ban biyo ta Ellersby ba, kada ki ɗauka wani abu ne, hanya ce kawai. Ɗakinta yana da tsabta. Na same ta zaune bakin taga da kwat ɗinta, jaka a cinya. Ta tsufa, ta koma Inna sak. Na tsaya a ƙofa ina jiran abin da zan ji. Ƙafata kawai na ji tana ciwo, don na yi tafiya daga tasha.

Ta dube ni ta ce, "Rodya, ka yi ƙiba."

Na ce, "Kifi ne, Yaya."

Ta ce, "Kana warinsa."

Na ce na sani. Harshen ya fito mini irin na yara, ta gyara mini sau biyu. Ta tambaye ni ko na ci abinci, ta ba ni rabin biskit daga jaka. Magana take tsaf, babu ihu, babu sanda.

Na ce, "Yaya, tashi mu tafi gida."

Ta ce, "Wane gida?"

Na ce Ellersby, wurin mijinki da Muriel.

Ta ce, "Ai mun baro. Kai har yanzu ba ka da wayo."

Na ce to mu je Ostend, gaba ne ba baya ba, ina da ɗaki a sama mai kallon teku, Godelieve ta riga ta wanke labule. Ta girgiza kai. Ta ce, "A nan Baba ya ce a jira shi. Wannan karon mun zauna, zai zo. Kai dai kada ka yi nisa da kaya."

Na ga likitan wurin. Mutumin kirki ne, yaro. Ya ce ba su da majinyaciya mai sauƙin kai kamarta, in ta yarda ko gobe a tafi da ita, zai sa hannu. Na koma na gwada sau uku cikin kwana biyu. Na yi mata ƙarya cewa an canza tasha. Ta ce ƙarya nake, tun ina yaro kunnena ke ja in na yi. Na ce babanmu ya rasu shekara talatin da shida da suka wuce. Ta ce, "Rufe bakinka, kada Inna ta ji." Daga nan na bari. Ku ma kada ku ja ta da ƙarfi. Ki kai mata bargo mai kauri da safa, iska na shigowa ta tagar nan. In ta yi miki magana ki ce "da", wato i, ya isa.

Ranar Alhamis na ce mata zan je in duba lokacin jirgi. Na miƙe. Ta ce, "Ina za ka haka? Zauna." Na zauna a bakin gado. Akwai nas a ɗakin tana naɗe tawul, ta nuna mata kujera, yarinyar ta zauna ba musu, ta ce dama ƙafafunta sun gaji. Muka yi shiru mu uku. Can ta ce, "To. Allah ya kiyaye hanya." Na fita.

Sai da na kai bakin ƙofar asibitin na ji sanyi a kaina, na tuna hulata tana kan gadonta. Taku ɗari ne, saura awa biyu jirgi ya tashi. Na tsaya a wurin na ɗan jima, sannan na wuce tasha.

In kin je ranar Lahadi kin ga hular, ki bar ta inda take.

Rodion